Tarkon da Ɓera Ya Ƙi Taɓawa

Bayan kaka, idan an ɗaure gero dami-dami an shigar rumbu, an ɗinke riɗi da gyaɗa a buhuna ana jiran farashi ya ɗaga kafin a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis, akwai yaƙin da ake yi a kusan kowane gida daga Ɗanzomo har Gagarawa, kuma ba a cika cinsa ba. Mai gida ya ga kashin ɓera jere a gindin bango, ya ga an fasa buhu ta ƙasa, sai ya sayo tarko sabo fil, ya sa masa ƙuli-ƙuli, ya ɗana shi daidai kan hanyar. Gari ya waye, tarko na nan yadda aka bar shi. Kwana biyu, kwana uku, ko lasar ƙuli-ƙulin ba a yi ba, hujin buhun da ke kusa kuwa sai ƙara faɗi yake.

Abin da aka saba faɗa shi ne ɓeran ya ji warin hannun mutum a jikin tarkon. To ai hannun da ya ɗana tarkon shi ya ɗinke buhun, bai kuwa hana a fasa shi ba. Ga abu na biyu, wanda duk mai shiga sito da tocila cikin dare ya sha gani: ko a wace kusurwa haske ya rutsa da ɓera, ba ya tsayawa dube-dube, ba ya komawa ta inda ya biyo, miƙewa yake ɗoɗar zuwa bakin raminsa. Sai dai wani lokaci, idan da rana an jawo buhu an tare hanyar, ka ji ƙum, ya gwabza kai da shi. Dabba ɗaya, ga wayon ƙin tarko, ga wautar karo da buhu. Me take ɗauke da shi a ka?

Wata alama daga Ingila ta fito, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana nutsar da jiragen da ke kawo abinci, ɓeraye na cin wanda ya iso, sai masana dabbobi da ke aiki ƙarƙashin Charles Elton a Oxford suka koma neman hanyar rage su. Dennis Chitty da Monica Shorten suka riƙa auna hatsin da ɓerayen ke ci kowane dare. Suka ga idan aka ajiye baƙon abu kusa da abincin, ko da guntun katako ne, cin yakan ragu har na kwanaki. Wanda ya fi ɗaure kai, ko abin da ɓerayen suka saba da shi aka ɗan gusar gefe, sai su kama ɗari-ɗari. Warinsa bai sake ba, kamanninsa ba su sake ba, mazauninsa kawai ya sake. Ke nan ɓera ya san inda kowane abu yake zaune.

Faɗin haka abu ne mai sauƙi, tabbatar da shi ne aiki. A cikin sito komai a cakuɗe yake: ga warin gyaɗa, ga bangon da ake gogawa da gashin baki, ga ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga sabon zirga-zirgar kullum. Kowanne cikinsu zai iya zama jagoran ɓeran ba tare da ya san komai ba. Sai an kai shi ɗakin gwaji, an riƙa ƙwace masa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ga abin da ya rage.

Sabo aka fara zargi. A 1901 Willard Small na Jami'ar Clark a Amurka ya ƙera akwati mai lunguna, ya kwaikwayi wani lambu mai ɓad da mutane na fadar Hampton Court a Ingila, ya sa abinci a tsakiya ya saki ɓeraye, suka kuwa koyi hanya. John Watson a Shikago ya ce bari ya ga da wace gaɓa suke koyo. A 1907 ya makantar da wasu, ya kurmantar da wasu, ya kashe wa wasu jin wari, ya aske wa wasu gashin baki. Aiki ne na rashin tausayi, ko a zamaninsa an yi masa surutu. Amma ɓerayen duk suka ci gaba da bin hanyarsu. Watson ya yanke cewa ilimin a tsokar ƙafa yake: taku kaza, juya dama, taku kaza, juya hagu. Shekarar da ta biyo baya, shi da Harvey Carr suka kawo hujja mai ƙarfi. Bayan ɓeraye sun ƙware, sai suka gajarta wani lungu. Ɓerayen suka sheƙo a guje suka kaɓa hanci da bango. Da aka tsawaita lungun kuma, suka riƙa ƙoƙarin juyawa a inda kwanar take a da.

Ga mai karo da buhu an kama, kuma a ganin mutane da yawa shari'a ta ƙare: sabo turken wawa. Sai a 1930 wani mai bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna Macfarlane, ya cika akwatin lungunansa da ruwa. Ɓeraye suka koyi hanya da iyo. Daga nan ya sa musu daɓe a ƙarƙashin ruwan yadda sai dai su taka da ƙafa. Motsin iyo daban, motsin tafiya daban, in da a tsoka ilimin yake, sai sun sake koyo daga farko. Ba su sake ba, hanyarsu suka bi.

A wannan jami'a Edward Tolman yake, kuma shi ya ɗauki shari'ar ya kai ta nesa. A 1930 shi da Charles Honzik suka raba ɓeraye kashi uku a akwati mai kwanoni 14. Kashi na farko kullum suna samun abinci a ƙarshen hanya, na biyu ba sa samun komai, na uku kuma aka bar su suna yawo a banza har kwana 10, a rana ta 11 aka fara sa musu abinci. Kashegari kurakuransu suka zube, suka kamo na farko har suka ɗan wuce su. A kwanakin nan da ake ganin gantali suke yi, ashe sanin wurin suke yi, dalilin nuna sanin ne ba su samu ba. A 1946 ya sake wani gwajin: aka koya wa ɓeraye hanya mai zagaye zuwa abinci, sannan aka toshe ta, aka buɗe musu hanyoyi da yawa masu fita ta kowace fuska. Hanyar da ta fi samun masu bi ita ce wadda ta nufi inda abincin yake kai tsaye, alhali ba su taɓa taka ta ba. A 1948 Tolman ya fito fili ya ce ɓera taswira yake zanawa a ƙwaƙwalwarsa.

Bambancin da yake nufi duk ɗan kasuwa ya san shi. Baƙon da aka yi wa kwatancen kara a Maigatari, aka ce ya shiga ta ƙofa kaza ya juya hagu bayan masu riɗi, yana iya zuwa, amma in mota ta sauke shi ta wata ƙofar ya ɓace. Dillalin da ya girma a kasuwar kuwa, ko ta ina ka jefa shi zai yanko ya fito.

Abokan hamayya ba su sallama ba, kuma suna da gaskiyarsu. A gwajin 1946 akwai fitila a rataye daidai inda abincin yake. Wa ya ce ba fitilar ɓerayen suka bi ba? Bin fitila ba ya bukatar taswira, ko ƙwaro yana yi. Haka maganar ta yi ta ja har shekara kusan talatin.

Ga kuma hanci, wanda shi ne babban wanda ake tuhuma, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Hancin dangin ɓera ba abin wasa ba ne. Masu nazarin jikin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun auna ƙwaƙwalwar gafiya, irin wadda yara ke turnuƙa wa hayaƙi a rami, suka ga sashen jin wari ya yi girma ƙwarai. 'Yar uwarta ta gabashin Afirka ce ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya tana sansano nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka a majina, har ɗaya mai suna Magawa ya samu lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Dabba mai irin wannan hanci, me zai hana ta bin sawun warinta na jiya?

David Olton na Jami'ar Johns Hopkins ya ɗana wa hanci tarko a 1976, shi da Robert Samuelson. Suka yi ɗan dandamali a tsakiya, da hannuwa 8 masu fita ta kowace fuska, a ƙarshen kowanne akwai 'yar ƙwayar abinci ɗaya a cikin gurbi. In ɓera ya ci ta ba a sake sa wata, saboda haka komawa hannun da aka riga aka shiga asara ce. Da kacici-kacici ɓera yake yi, a shiga 8 na farko zai taɓa hannuwa daban-daban wajen 5 ne kawai. Waɗanda suka saba sukan haura 7, kuma ba bi suke yi a jere ba balle a ce dabara ce ta zagaye. Sai aka yi musu wayo: ɓera ya shiga wasu hannuwa, a tsare shi a tsakiya, a juya hannuwan yadda wanda ya taka ya koma wata fuska. In wari yake bi, zai guji katakon da ya taka. Abin da ya guje wa shi ne fuskar ɗakin da ya riga ya je, ko da sabon katako ne a wurin.

Wanda ya rufe ƙofar gardama shi ne Richard Morris na Jami'ar St Andrews a Sikotland, a 1981, kuma kayan aikinsa ba su fi ƙarfin kowa ba. Kewayayyen tanki ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 1, an cika shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi an zuba madara har ya yi fari fat. A wani wuri cikin tankin akwai ɗan dandamali da ruwa ya rufe da kamar santimita 1. Ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ya ƙara, babu lungu ko bango da zai kai ka gare shi. Ɓera gwanin iyo ne amma ba ya son zama a ruwa. Ranar farko in aka sake shi, fuskarsa na kallon bangon tanki, sai ya kama zagaye gefe yana kartar bango, hanci a sama, gashin baki a jiƙe, yana neman mafita. Can ya gaji ya yanko tsakiya, ƙirjinsa ya bugi dandamali, ya haye. Abin da yake yi bayan ya haye ya kamata a lura da shi: yakan miƙe kan ƙafafun baya yana jujjuyawa, yana kallon taga, da ƙofa, da kabad, da duk abin da ke jikin bangon ɗakin. Bayan 'yan gwaje-gwaje, daƙiƙoƙi kaɗan ke kai shi.

Morris ya toshe kowace kafa. Ana sauya wurin sakin ɓeran kowane karo, gabas, yamma, kudu, arewa, saboda haka haddar juyi ba ta da amfani. Ko daga inda bai taɓa tashi ba aka sake shi, yana miƙewa. Wani rukuni kuma aka riƙa sauya musu wurin dandamalin kowane karo, ba su taɓa iya miƙewa gare shi ba, wanda ya nuna lalle ba a hango shi, ba a sansano shi. Sai gwaji na ƙarshe, wanda a ganina ya fi duka kyau: a cire dandamalin ɗungurungum, a saki ɓeran na minti ɗaya. Sai ka ga yana ta kai da komo a daidai inda abin yake a da, yana ratsa wurin, yana dawowa, yana neman abin da babu shi. Ba ƙafa, ba hanci, ba fitila. Abin da ya rage shi ne ya san wurin ta hanyar auna shi da abubuwan da ke nesa.

To a ina taswirar take? Amsar ta riga tankin zuwa da shekara goma, mutane ne ba su gaskata ba. A 1971 John O'Keefe da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky a Landan suka sa siririyar waya a wani lanƙwasasshen sashe na ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira hipokampus, suka haɗa ta da lasifika. Ɓera na yawo, lasifika shiru. Ya isa wata kusurwa, sai ta ɓarke da tat-tat-tat. Ya bar wurin, ta yi tsit. Ya dawo, ta sake. Wata ƙwayar kuma tata kusurwar daban. Ƙwayoyi 8 ne kacal cikin 76 suka nuna haka a rahoton farko, shi ya sa aka yi ta taɓe baki. A 1982 Morris da O'Keefe da abokan aikinsu suka haɗa hujjojin biyu. Ɓerayen da aka lalata wa hipokampus suka kasa koyon wurin ɓoyayyen dandamali, sai yawo suke a tanki. Da aka ɗaga dandamalin ya fito saman ruwa, suka nufe shi kamar kowa. Idonsu lafiya, ƙafarsu lafiya, son fita na nan, sanin wuri ne ya tafi.

Manomi zai ce duk an ji, amma rumbu ba shi da taga, da dare kuma ko tafin hannu ba a gani. Da me ɓeran zai auna? Wannan giɓi wasu ma'aurata a Jamus, Horst da Marie-Luise Mittelstaedt, suka cike shi a 1980 da wani ɗan ɓeran daji na Mongoliya. Cikin duhu, suka ɗauke ɗa daga sheƙa suka ajiye shi a tsakiyar fili kan ɗan faifai. Uwar ta fito tana laluben nan da can, ta same shi, ta ɗauke shi a baki, ta miƙe gida ba tare da ta bi karkatacciyar hanyar da ta zo ba. Sai suka riƙa juya faifan tana kai. In da sauri aka juya, takan ji, ta gyara, ta isa gida. In a hankali ne ƙwarai, yadda ma'aunin juyi da ke cikin kunne ba zai ji ba, sai ta kuskure gida da daidai gwargwadon juyin da aka yi mata. Lissafi take yi tun fitowarta: na juya kaza, na yi nisa kaza. Daga baya aka samo masu lissafin a ƙwaƙwalwa. James Ranck ya gano a 1984 ƙwayoyin da ke nuna fuskar da kai ya dosa, a 2005 kuma ɗakin binciken May-Britt da Edvard Moser a Trondheim ta ƙasar Nowe ya gano wasu da ke kasa fili a kan awo daidai wa daida, waɗanda ko an kashe fitila ba sa daina aiki. Su biyun da O'Keefe suka raba kyautar Nobel ta 2014.

Yanzu tarko ya fito fili. Ɓeran sito ya riga ya zana wurin, dare bayan dare, da ido in da haske, da gashin baki da lissafin taku in babu. Tarkon abu ne da babu shi a zanen. O'Keefe ma ya ba da labarin ƙwayoyin da suka fi yin ƙara idan ɓera ya isa wuri ya tarar da abin da bai zata ba, ko ya rasa wanda ya zata. Farin ɓeran ɗakin gwaji yakan je ya shinshina baƙon abu, amma wanda kakanninsa suka daɗe suna shan tarko da guba a hannun mutane, gudu yake fara yi. Shi ya sa mutanen Oxford suka ba da shawarar a yi kwanaki ana ciyarwa kafin a sa guba. Haka tarko: a ajiye shi jikin bango da ƙuli-ƙulinsa ba a ɗana ba, kar a gusar da shi, sai an ga an fara ci sannan a ɗana. Mai gaggawar barbaɗa shinkafar ɓera a gidan da yara da kaji ke yawo ya fi kowa bukatar wannan haƙurin.

Saura karon da buhu, wanda Watson ya gani da idonsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Mark Packard da James McGaugh suka warware shi a 1996. Suka riƙa sakin ɓeraye daga kudu, abinci na yamma, wato juyin hagu. A rana ta 8 suka sake su daga arewa, yawancinsu suka juya dama suka nufi yamma, inda abincin yake. A rana ta 16 aka maimaita, sai yawancinsu suka juya hagu suka yi gabas, inda babu komai. Yawan maimaici ya miƙa ragamar ga wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da sabo. Da aka sa wa wannan sashe allurar kashe zafi ya yi sanyi na ɗan lokaci, sai ɓerayen suka koma nufar yamma. Taswirar ba ta goge ba, danne ta aka yi. Ɓerayen Watson sun bi hanya ɗaya har ta zame musu jiki, haka ma na sito da ya firgita a kan hanyar da yake bi kullum.

Waɗannan kayan gwaji yanzu suna ɗakunan binciken magunguna da na aikin jiki a Zariya da Kano. Ɗalibai kan ba ɓera allurar sikofolamin mai kawo mantuwa, su ba shi ruwan wani ganye ko saiwa da masu maganin gargajiya ke bayarwa, sannan su sa shi a tanki ko a akwati mai hannuwa uku su ga ko ya tuna. Dalilin yin hakan mai ƙarfi ne, don sassan da ke riƙe taswira a ɓera suna cikin na farkon da cutar mantuwar tsufa ta Alzheimer ke ci a mutum, shi ya sa ɓacewa a unguwar da aka sani ke cikin alamunta na farko. Sai dai duk wanda ya karanta cewa ganye kaza yana ƙara kaifin tunani saboda ɓera ya isa dandamali da wuri, ya dace ya tambaya ko an cire dandamalin an ga inda ya nema, ko kuma an gwada shi da wanda ake gani. Maganin da ke rage tsoro zai raba ɓera da bin gefen tanki, mai sa kuzari zai ƙara masa saurin iyo, dukansu agogo zai nuna ci gaba alhali tunani na inda yake. Ƙananan ɓeraye ma wasunsu in sanyi ya kama su kwantawa suke a kan ruwa su daina nema, a rubuta musu mantuwa.

Akwai hanyar da ba ta bukatar jiƙa kowa. Carol Barnes ta fito da ita a Kanada a 1979 don tsofaffin ɓeraye, ta kuma nuna da ita cewa sun fi matasa jinkirin koyo da saurin mantuwa. Kewayayyen tebur ne mai faɗin santimita 122, da huji 18 a bakin gefensa, ɗaya ne kawai ke da akwati mai duhu a ƙarƙashi, a haska fitila mai ƙarfi a sama ɓera ya nemi maɓoya. Kafinta a Gumel zai iya ƙera shi. Sharaɗinsa shi ne tsakanin ɓera da ɓera a goge teburin sosai a juya shi, akwatin kuma ya tsaya a fuskar ɗakin da yake, in ba haka ba hanci aka auna.